Kuɗi Sun Ƙare, Gini Yana Linta

 Shirinmu na musamman na yau na duk wanda ya mallaki fuloti ne, ko yake tara 'yan kuɗi da fatan wata rana ya huta da biyan haya.

Wanda ya ratsa sababbin unguwannin bayan gari a Kano, ko Kaduna, ko Gusau, ya san abin da ido ke gani: kangaye a jere, an kai su linta an tsaya. Ciyawa ta tsiro a falo, bulo ya yi baƙi da dukan damina, rodi ya yi tsatsa. Masu waɗannan gine-gine ba sakarkaru ba ne. Da yawansu sun zauna da magini, sun yi lissafi da biro da takarda. Kasuwa ce ta juya musu baya.

Mu tuna yadda abin ya faru. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. A tsakiyar 2023 buhun siminti yana wajen naira 5,000. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ya haura 10,000 a garuruwa da dama, har sai da Ministan Ayyuka, David Umahi, ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge, aka sanar da cewa buhu zai tsaya tsakanin 7,000 da 8,000. Ke nan mutumin da ya ware naira miliyan biyu da rabi don buhu 500, ya wayi gari kuɗinsa rabin aikin kawai za su yi.

Wani zai ce ai a ƙasar nan ake yin simintin, a Obajana da Ashaka da Sakkwato. Gaskiya ne. Amma kayan gyaran injinan masana'anta daga waje ake shigo da su, tirelar da ke kawo shi kuma dizal take sha. Rodi da kwano da wayar lantarki da tayil duk suna bin dala. Tifar yashi ma da mai take tafiya, lebura kuwa da shinkafar da ta yi tsada yake ciyar da iyalinsa, dole ya ƙara kuɗin yini.

Sai dai ba duka laifin ke wuyan kasuwa ba. Akwai kuɗaɗen da tun farko ba a saka su a lissafi. La'adar dillali, awon fili, takardar shaidar mallaka, izinin gini daga hukumar tsara birane irin KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Ga katanga da get, ga rijiya ko burtsatse, ga ramin ban-ɗaki, ga mai gadin da zai hana a kwashe kaya cikin dare. Idan filin fadama ne, cikon ƙasa da harsashi kaɗai sukan cinye abin da aka tanada don rufi. Babban abin da ke ruɗar mutane shi ne ganin bango ya tashi da sauri. Jera bulo shi ne ɓangaren da ya fi armashi a ido, amma filasta, silin, ƙofofi, tagogi, wayarin, famfo da fenti sukan ci kwatankwacin abin da aka kashe daga tushe zuwa rufi, wani lokaci ma su zarce.

To, idan tsadar ta riga ta riske ka, mai sauraro, ina mafita?

Abin da na fi so ka riƙe daga wannan shiri shi ne: ka rage girman gidan, kada ka rage ƙarfinsa. Idan taswirarka ta ɗakuna huɗu ce da falo biyu, ka koma wurin wanda ya zana ta, ya fitar maka da sashen da za a iya kammalawa shi kaɗai, ko da ciki da falo ne da kicin da ban-ɗaki. Ka rufe shi, ka sa ƙofa, ka tare. Kuɗin hayar da ka daina biya su ne za su ci gaba da sauran ginin. Na san akwai nauyin ido, akwai maganar dangi da abokai, akwai burin da ku da uwargida kuka daɗe kuna tattaunawa. Amma ɗaki biyu da iyali ke kwana a ciki sun fi katafaren kango da ruwan sama ke ci kowace shekara.

Akwai abin da zai iya jira. Tayil zai jira, daɓen siminti ya wadatar. Silin na ado zai jira, haka fentin waje. Abin da ba a taɓawa shi ne wanda za a binne, ba a sake ganinsa: zurfin harsashi, kaurin rodin ginshiƙi da linta, da yawan siminti a kwaɓi. Idan magini ya ce maka, “Alhaji, bari mu ɗan ja buhun nan ya ƙara yi mana,” kada ka yarda. Haka bulon da ya fi na kowa sauƙi, ka murza gefensa da hannu. Idan yana zubar da yashi, ka bar shi. Araha ba ta ado, a nan kuwa rayukan 'ya'yanka ne a ƙarƙashin wannan rufi.

Game da sayen kaya, ajiyar naira a lokacin hauhawar farashi asara ce, shi ya sa mutane ke mayar da kuɗinsu kaya. Dabara ce mai kyau, amma a san abin da ake ajiyewa. Rodi da kwano da bulo suna jurewa idan an kare su daga ruwa da ɓarayi. Siminti ba ya son jira: bayan kamar wata uku ƙarfinsa yakan fara raguwa, idan ya sha danshi kuma ya dunƙule. Sannan a tsara aiki yadda za a kai rufi kafin ruwan farko.

Kuma a rubuta yarjejeniya. Kowane mataki da kuɗinsa, a biya bayan an ga aiki, da shaidu. Masana ƙididdigar gini sukan ce a ware kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana. A wannan yanayi ni kashi 20 zan ba da shawara.

Kada kuma mu raina ginin ƙasa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, da ƙasa aka yi shi. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, mai zanen gine-gine Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon jar ƙasa da aka matse a inji. Irin wannan bulo siminti kaɗan yake buƙata, ɗakinsa kuma ya fi sanyi lokacin bazara. Sharaɗinsa shi ne harsashi mai ƙarfi, da rufin da ke kare bango daga feshin ruwa, da maginin da ya iya aikin.

Game da neman kuɗi kuwa, ma'aikatan da ake cire musu kashi 2.5 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa suna da haƙƙin neman rance daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, da ruwan kashi 6, a biya har tsawon shekara 30. Wanda yake guje wa kuɗin ruwa ya tuntuɓi bankunan da ba sa mu'amala da riba, ko ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinsa, ko adashi na amana. Bashin 'yan ba-da-lamuni mai ruwa wata-wata kuwa, kada ka kusance shi. Ya raba mutane da dama da filin da ginin baki ɗaya.

Mai sauraro, idan kana da gini a tsaye, cikin makon nan ka je kasuwa da kanka ka ji farashin yau, ka kira magininka ku sake lissafi, ku zaɓi sashen da za a iya rufewa kafin damina. Allah Ya hore wa kowa muhallinsa. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.