Manuni a Ma'adanar Kwamfuta: Amfaninsa da Haɗarinsa

Ma'adanar kwamfuta, watau inda ta ke ajiye abin da ta ke aiki da shi, jerin ƙananan gurabu ce, ko wane gurbi yana ɗaukar bait ɗaya, ko wanne kuma da lambarsa. Lambar nan ita a ke kira adireshi. Manuni kuwa wata 'yar ajiya ce wadda ba ta ƙunshi kome ba sai adireshin wani wuri. A yawancin kwamfutocin yanzu bait 8 ya kan ci.

Amfaninsa a fili ya ke. In wani sashe na manhaja zai miƙa wa wani hoto mai bait miliyan 5, ba sai ya kwafe shi ba, sai ya miƙa manuni kurum, mai karɓa ya bi adireshi ya tarad da hoton inda ya ke. Da shi kuma a ke sarƙa bayanai, ko wanne yana riƙe da adireshin na gabansa, har a iya cusa sabo a tsakiya ba tare da an gusar da sauran ba. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a Bell Labs ta Amurka wajen 1972, har lissafi da manuni ya yarda a yi: in an ƙara masa 1, sai ya matsa zuwa abu na gaba a jeri.

Amma fa manuni lamba kaɗai ya sani. Bai san inda jeri ya ƙare ba, bai kuma san ko abin da ya ke nunawa yana nan ba. Mai rubuta manhaja ya kan saki wani wuri, kwamfuta ta ba wani aikin, alhali tsohon manuni yana nan yana nuni can. Ran da aka yi rubutu ta hanyarsa, sai a ɓata kayan wani. Abin da ya fi muni shi ne ɓarnar ba lalle ta bayyana nan take ba, sai can gaba, a wurin da ba ruwansa da laifin. Zarce iyaka shi ya haddasa Heartbleed a 2014, sa'ad da wani kuskure cikin OpenSSL ya ba ɓarayin intanet damar karanto har kilobait 64 na ma'adanar wani a ko wace tambaya, har da kalmomin sirri. A 2019 kamfanin Microsoft ya ce kimanin kashi 70 cikin 100 na kafofin tsaro da ya ke toshewa duk shekara daga irin wannan kuskuren ma'adana su ke.

Akwai kuma manunin da ba ya nuna kome, wanda Tony Hoare ya shigar cikin harshen ALGOL W a 1965, ya kuma yi nadamarsa a bainar jama'a a 2009. Wannan da sauƙi, domin galibi manhaja tsayawa ta kan yi cak, a gane.

Harshen Java, na 1995, ya hana lissafi da adireshi, shi da kansa ya ke kwashe abin da aka daina amfani da shi, ko da ya ke wannan na cin lokaci. Rust kuwa, wanda tsayayyen bugunsa na farko ya fito a 2015, tun kafin manhaja ta fara aiki ya ke bincika ko akwai manunin da zai fi abin da ya ke nunawa daɗewa, in akwai ya ƙi ta.