Gyaran Shokozoba A Gida

A shekarar 1975 aka soma harhaɗa Peugeot a Kaduna, har yau kuwa tsofaffin 504 suna aiki. Gargada ce ke kashe musu shokozoba.

To, malam, danna kusurwar motarka da ƙarfi, ka saki. In ta yi ta lilo, shokozoba ta mutu. Sai a sake hagu da dama tare.

Amma fa kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai ka tokare ta da gungume. Sifirin na gaba kuwa a matse yake. Wanda ya kwance babban notinsa na sama bai ɗaure shi ba, yana iya fizgewa ya fasa masa kai. Wannan aikin bakanike ne. Allah ya kiyashe mu.