Labarin Indiya da Wutar Atom: Ƙasar da Ta Ƙi Sa Hannu

Duk wanda ya tsaya bakin tashar Tambuwal ranar kasuwa, ya dubi baburan da ke ɗaukar mutane da buhunan gero zuwa Kebbe da ƙauyukan da ke bayanta, zai ga da yawa daga cikinsu Bajaj ne, ƙirar Indiya. In ya shiga kantin magani kuwa, ya juya kwali, sau tari sunan wani gari na can zai tarar a rubuce. To, wannan ƙasa da hajarta ta cika kasuwa tana da wani labari da ya kamata malamai da fatake su ji, gama labarin alkawari ne da ciniki, asalinsa kuwa ya haɗu da na Nijeriya.

Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bom ɗin atom a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Lokacin hunturu ne, iskar da ke kawo hazo ƙasar Sakkwato kuwa daga Sahara take busowa, saboda haka hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi, ana tsoron kada ƙurar ta zo da dafi ta sauka a rijiyoyi da gonaki. Faransa ba ta saurari kowa ba, har ta fasa na uku a Disamba. Da shigar Janairu 1961 gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa, ta hana jiragen ƙasar na ruwa da na sama tsayawa a Nijeriya. Ƙasar da mulkin kanta wata uku ke nan kacal.

A wannan magana bakin Nijeriya da na Indiya ɗaya ne. Tun 1954 Firayim Minista Jawaharlal Nehru ya yi kira ga manyan ƙasashe su tsai da gwajin irin wannan makami. Ya kawo ziyara Nijeriya a Satumba 1962, hafsoshin Indiya kuma su ne suka taimaka aka kafa makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna a 1964. Amma wata ɗaya bayan ziyarar yaƙi ya ɓarke tsakanin Indiya da Sin a kan iyakar duwatsun Himalaya, Indiya ta sha kashi. Nehru ya rasu a Mayu 1964, a Oktoba Sin ta gwada nata bom. Daga nan magana ta canza a Delhi.

A 1968 aka kawo wa duniya yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya. Sharaɗinta shi ne, ƙasashe biyar da suka riga suka gwada bom kafin 1 ga Janairu 1967, watau Amurka da Rasha da Ingila da Faransa da Sin, su riƙe nasu, su yi alkawarin neman hanyar ragewa. Saura kuwa su rantse ba za su ƙera ba, a bisa cewa za a taimake su da ilmin atom na samar da lantarki da magani. Nijeriya ta sa hannu tun ranar farko. Indiya ta ƙi, ta ce wannan rabo ne da ya mai da waɗansu iyayen gida, waɗansu bara. Hujjar nan tana da ƙarfi, domin har yau ƙasashen nan biyar ba wadda ta ajiye makaminta.

Sai dai akwai wurin da hujja ba ta wanke ta ba. Kanada ta taimaka mata da wani murhun atom a Trombay kusa da Bombay, bisa alkawarin aikin zaman lafiya kaɗai za a yi da shi. Daga cikinsa aka tace sinadarin da aka fasa a ƙarƙashin hamadar Pokhran ran 18 ga Mayu 1974, zamanin Indira Gandhi, gwamnati kuwa ta kira shi fashewar zaman lafiya. Wanda ya karanci babin aro da amana a littattafan fiƙihu ya san sunan wannan dabara: hila ce. Kanada ta janye hannu, ƙasashe masu sayar da kayan atom suka haɗa ƙungiya, aka rufe wa Indiya ƙofar kasuwa har shekara 34.

A 1998 gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ta daina ɓoye-ɓoye, ta fasa biyar a Pokhran ran 11 da 13 ga Mayu. Cikin jagororin aikin har da A.P.J. Abdul Kalam, Musulmi, ɗan wani mai jirgin fito a Rameswaram, wanda daga baya ya zama Shugaban Ƙasa daga 2002 zuwa 2007. Kafin watan ya ƙare Pakistan ta rama da nata gwaji a duwatsun Chagai. Maƙwabta biyu da suka sha gwabzawa a kan Kashmir suka wayi gari kowa da bom a ɗaka.

Abin da ya buɗe ƙofar daga baya lissafin kasuwa ne. Amurka tana son mai sayen kaya da yawansa ya wuce mutum biliyan ɗaya, tana kuma son aboki a maƙwabtan Sin. Manmohan Singh ya yarda a raba murhunan gida biyu, na lantarki masu bincike na duniya su riƙa dubawa, na soja kuwa ba mai leƙawa. Jam'iyyun kwaminis da ke tallafa wa gwamnatinsa suka ce an jinginar da 'yancin ƙasa ga Amurka, suka janye. Ran 22 ga Yuli 2008 aka jefa ƙuri'a a majalisa, ya tsira da 275, masu hamayya 256. A Satumba aka ɗage hanin, alhali Indiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1968 ba.

To, me aka samu? Murhunan Indiya suna da ƙarfin da ya wuce megawat 8,000, abin da ya ɗara dukan wutar da layin Nijeriya ya saba rarrabawa. Amma a ƙasa mai wannan girma wajen kashi 3 ne cikin 100 na lantarkinta. Gawayin kwal ne ke ɗauke da mafi yawan kayan. Talakawa kuma sun biya nasu rabo. Mutanen ƙauyukan Jaduguda, inda ake haƙar yuraniyam tun 1967, sun daɗe suna kukan tafkunan dagwalon ma'adinin da ke kusa da gidajensu. Masunta na Kudankulam a kudu sun yi watanni suna zaman dirshan a 2011 da 2012 don tsoron abin da zai sami teku, duk da haka aka kunna murhun a 2013.

Nijeriya da ta cika alkawari tana da murhu ɗaya, a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Sin ce ta ƙera shi, ya fara aiki a 2004, ƙarfinsa kamar kilowat 30, watau bai fi injin wuta na babban kanti ba. Gwajin ƙasa da duwatsu da horar da ɗalibai ake yi da shi. A 2018 aka cire makamashinsa mai ƙarfi, irin wanda ake iya karkatarwa zuwa makami, aka mayar wa Sin.

Dutsen da ake wannan rigima a kansa kuwa ba ya da nisa da Sakkwato. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit ta ƙasar Azbin, shekaru da yawa manyan motoci suna ɗauko shi ta Agadas da Tawa da Birnin Ƙonni da Doso zuwa bakin teku a Kwatano, galibi zuwa Faransa, kafin rufe iyaka a 2023 ya tsai da hanyar. Indiya tana da ƙarancin wannan ma'adini, ta kuwa nemi na Afirka: ta ƙulla yarjejeniya da Namibiya a 2009. A shekarar nan ce yarjejeniyar Pelindaba ta fara aiki, wadda a cikinta ƙasashen Afirka suka haramta wa kansu makamin, suka kuma sharɗanta cewa mai sayen yuraniyam ɗinsu, in ba ya cikin biyar ɗin nan, sai ya buɗe dukan murhunansa a duba. Indiya ba ta buɗe na soja ba, cinikin Namibiya ya tsaya shekara da shekaru, ta juya ga Kazakistan da Rasha da Kanada, ita Kanadar da ta yi fushi a 1974.