iPhone 16e: Abin da Aka Ba Ka da Abin da Aka Rage Maka

A ƙarshen watan Fabrairun 2025 kamfanin Apple ya fito da iPhone 16e, wadda ta gaji iPhone SE, nan take kuma aka laƙaba mata sunan "iPhone mai araha". To, arahar da sauran magana. Dala 599 aka sa mata a Amurka da ta fito, wato kusan naira dubu 900 a canjin lokacin, tun kafin ɗan kasuwa ya ɗora kuɗin dako da ribarsa. Alhali SE ta ƙarshe dala 429 aka fara sayar da ita.

Ta fuskar inji dai ba a yi mata rowa ba. Ƙwaƙwalwar A18 ce a cikinta, irin ta iPhone 16, sai dai an ɗan rage mata ƙarfin sarrafa hoton wasanni. Fuskarta inci 6.1 ce, kuma da fuskar mai ita take buɗewa, an yi ban kwana da maɓallin ɗan yatsa. Bakin cajinta USB-C ne, irin na yawancin wayoyin Android, don haka aron caja a gidan maƙwabta ya daina zama wahala.

Inda ta fi burge ni shi ne batir. Apple ya ce tana iya kai awa 26 ana kallon bidiyo, yayarta iPhone 16 kuwa 22. Wani ɓangare na sirrin yana cikin C1, na'urar kama sabis ta farko da kamfanin ya ƙera da kansa, wadda ba ta shan caji sosai. Wanda yake unguwar da wuta ke kwana biyu ba ta leƙo ba ya san darajar wannan fiye da mai zaune a Landan.

Sai abin da aka rage. Kyamara ɗaya tal ce a bayanta, mai megafiksel 48. Tana ɗaukar hoto mai kyau, amma babu ta biyun nan mai faɗin gani, don haka ranar biki in dangi suka jeru sai ka yi ta ja da baya. Fuskarta sau 60 take sabunta hoto a daƙiƙa, alhali akwai Tecno da Infinix da ba su kai rabin kuɗinta ba suna yin 120. Babu maganaɗisun MagSafe mai manne caja a bayan waya, babu gurbin memori, kan caja ma ba ya cikin kwali. Fasahar Apple Intelligence da ake ta tallata wayar da ita kuwa ba ta jin Hausa.

Ga wani tarko ga masu sayen wadda aka shigo da ita daga Amurka: ba ta da gurbin sa layi kwata-kwata, sai eSIM, wato layin da ake ɗorawa cikin waya ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna bayarwa, amma sai an yi maka musanyen layinka tukuna.

A ganina wayar ta dace da mai neman iPhone da za ta daɗe a hannu tana riƙe caji. Mai sana'ar hoto ko bidiyo ya nemi wata. Mai karatu, in ka shiga Farm Centre a Kano ko wata kasuwar waya, ka juya gefenta ka ga ko akwai gurbin layi, ka kuma tabbatar ba a kulle take da asusun wani ba kafin ka miƙa kuɗinka.