Garkuwar Jiki da Taɓin Hankali: Me Ya Haɗa Su?

A shekarar 2009 wata 'yar jaridar New York Post mai suna Susannah Cahalan, tana da shekara 24, ta fara zargin kowa da kowa, tana ganin abin da babu, tana faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Likitoci suka fara kallon abin a matsayin taɓin hankali, sai wani daga cikinsu, Souhel Najjar, ya miƙa mata takarda ya ce ta zana agogo. Ta zana da'ira, ta cusa lambobin 1 zuwa 12 duka a ɓangaren dama. Nan ya gane ƙwaƙwalwar ce ta kumbura. Ashe garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar ƙwaƙwalwar, ciwon da Josep Dalmau ya bayyana a 2007. Da aka ba ta magungunan da ke lafar da garkuwar, hankalinta ya dawo.

Ciwon nata ba sikizofireniya ba ne, kuma ba kasafai ake samunsa ba. Amma ya ƙara wa wata tsohuwar tambaya ƙarfi: cikin mutum fiye da miliyan 20 da ke fama da sikizofireniya a duniya, masu jin muryoyi da ruɗewar tunani, nawa ne garkuwar jiki ke da hannu a larurarsu?

Ƙwaƙwalwa tana da nata ƙwayoyin garkuwar, ana kiransu maikurogiliya. Aikinsu bai tsaya ga kashe ƙwayoyin cuta ba. Yaro yana tasowa da mahaɗan jijiyoyi fiye da kima, to daga lokacin balaga zuwa shekara ashirin da 'yan kai sai a riƙa rage su, kamar yadda manomi ke yi wa gero cira don wanda ya bari ya yi ƙwari. Maikurogiliya na cikin masu wannan cirar, kuma akwai sinadaran da ke sa wa mahaɗi alamar cewa a cire shi. Abin lura, daidai waɗannan shekarun ne ciwon sikizofireniya ya fi ɓulla. A 2014 wani gagarumin binciken ƙwayoyin gado ya gano wurare 108 masu alaƙa da sikizofireniya, mafi ƙarfinsu kuwa yana yankin da ke tafiyar da garkuwar jiki. A 2016 Steven McCarroll da Beth Stevens da abokan aikinsu na Jami'ar Harvard suka nuna cewa masu gadon samar da sinadarin C4A da yawa, ɗaya daga masu sa alamar nan, sun ɗan fi shiga hatsarin ciwon. Zaton masana shi ne cirar ce ke wuce gona da iri.

Jini ma yana ba da shaida. Binciken da ya bi yaran Biristol ta Ingila ya gano cewa waɗanda sinadarin kumburi na IL-6 ya yi musu yawa suna shekara 9 sun fi fuskantar ciwon damuwa da alamun ruɗewa a shekara 18. Likitocin hanta kuwa sun daɗe da sanin cewa allurar intaferon, mai zaburar da garkuwa, kan jefa wasu majinyata cikin matsananciyar damuwa.

Sai dai a nan ake buƙatar taka tsantsan. Shan taba, ƙiba, rashin barci da su kansu magungunan taɓin hankali duk suna sauya ƙwayoyin jini, don haka raba sanadi da sakamako ba ƙaramin aiki ba ne. A wajen magani kuma, labarin bai yi armashi ba. An gwada maganin minosaikilin, mai rage kumburi, a Birtaniya kan masu sabon kamu da sikizofireniya, sakamakon 2018 ya nuna bai fi maganin bogi ba. Duk wanda ya ce majinyaci ya ajiye maganin asibiti ya koma “ƙarfafa garkuwa”, kasuwarsa kawai yake ci.

Gwajin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Jami'ar Emory a 2013, inda aka yi wa masu damuwar da ta ƙi jin magani ƙarin infiliksimab, maganin da ke rage kumburi. A dunƙule bai yi aiki ba, amma waɗanda jininsu ya nuna kumburi mai yawa tun farko sun fi samun sauƙi. Shi ya sa yanzu masu bincike da dama ke fara auna jinin majinyata, su ware masu kumburin, kafin su gwada musu irin waɗannan magunguna.