Akin Euba: Mutumin da Ya Sa Fiyano Ya Yi Magana Kamar Ganga

A wurinmu, makaɗi a ka yake riƙe kiɗansa, hannu kuma ya fitar. Amma akwai wata sana'a da ta bunƙasa a Turai, inda mutum zai zauna da alƙalami ya rubuta kiɗa a takarda da alamomi, kowane abin kiɗa da layinsa, har wasu makaɗa da bai taɓa gani ba su karanta su kaɗa. Cikin 'yan Nijeriya da suka yi fice a wannan fage akwai Akin Euba, haifaffen Legas a 1935.

Mahaifinsa ne ya fara ɗora masa hannu a kan fiyano. Ya yi karatu a kwalejin kiɗa ta Trinity da ke Landan, ya dawo ya yi aiki a gidan rediyon Nijeriya. Da a ce nan ya tsaya, da ya ƙare a matsayin ɗalibin Turawa mai ƙoƙari kawai. Sai ya juya ga ganga. Digirinsa na uku, wanda ya samu a Jami'ar Gana a 1974, a kan dundun ya yi shi, wato gangar Yarbawa 'yar'uwar kalangunmu. Makaɗi na jan igiyoyin fatar da ke jikinta, muryarta ta hau ko ta sauka, har ta yi wa mutum kirari ya gane.

Euba ya lura cewa shi ma fiyano bugunsa ake yi: in ka danna maɓalli, wata 'yar guduma ce a ciki take dukan waya. To me zai hana a buga shi da hannun makaɗin Afirka, da maimaici, da amshi, da salo biyu masu ratsa juna? Wannan tunani ne ya zama tambarinsa, kuma ana jin sa a cikin kiɗansa mai suna Scenes from Traditional Life na 1970. A shekarar ne kuma ya fito da Chaka, wasan kwaikwayo na waƙa a kan sarkin Zulu, wanda ya gina bisa rubutun Senghor, shugaban Senegal na farko, ya haɗa kayan kiɗan Turai da na gida.

Ya koyar a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka daga 1993 zuwa 2011, ya rasu a Afrilun 2020. Abin takaici, a jami'o'in waje aka fi sanin ayyukansa. Ya kamata gidajen rediyonmu su nemo su, su sa wa jama'a su ji.