"Pass Out": Suma Ce, Yaye Ne, Ko Rabo?

Duk lokacin da wani rukuni na masu yi wa ƙasa hidima ya kammala shekararsa, sai Facebook ya cika da hotuna: matashi cikin kaki, takardar sallama a hannu, a ƙasa ya rubuta "I passed out today". Kafin ka ce kwabo masu gyaran Turanci sun yi masa caa, wai ya shelanta wa duniya cewa ya suma. To, wannan gyaran ne ke buƙatar gyara.

Gaskiya ne "pass out" na nufin suma, kamar wanda rana ta buga ko yunwa ta galabaitar har ya yanke jiki ya faɗi. Amma ba nan kalmar ta tsaya ba. A Turancin Birtaniya, haka ake cewa idan soja ko ɗan sanda ya gama horo. Da ita ake yaye hafsoshi a makarantar soja ta Sandhurst, kuma daga wajen Turawan muka gaje ta. Shi ya sa a makarantar soja ta NDA da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, da Defon soja na Zariya, sunan faretin yaye "passing out parade". Hukumar masu yi wa ƙasa hidima ta NYSC, da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ta ɗauki salon soja tun daga kaki har fareti, sai ta haɗa da kalmar. Akwai kuma ma'ana ta uku, wadda ta fi yawa a bakin Amurkawa: rabawa, kamar malami ya bi layi yana miƙa wa ɗalibai takardun jarrabawa.

Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba. Muna cin tuwo, mu ci bashi, mu ci jarrabawa, mu ci kasuwa, wani ya ci amana, wani ya ci sarauta, kuma ba wanda ya taɓa neman cokali don cin bashi. Abin da ke kewaye da kalma shi ke fayyace ta. Haka "pass out" take: in wani abu ya biyo ta, kamar takardu, rabo ne, in ana zancen bariki da horo, yaye ne, in ana zancen zafi, yunwa ko ciwo, suma ce.

Sai dai a kula. Wanda ya gama jami'a, musamman in takarda zai aika Amurka, "graduated" ya kamata ya rubuta, domin can ma'anar suma za su fara ji.

Tushen ruɗanin yana aji, inda ake sa yara haddar kalma ɗaya da ma'ana ɗaya don a tsallake WAEC da JAMB. Malamai su riƙa koyar da irin waɗannan kalmomi cikin jimloli. Kai kuma mai gyara, buɗe ƙamus ka karanta bayanin har ƙarshe kafin ka kunyata ɗan wani a bainar jama'a.